Yajin Aikin Gama-gari na 1945 a Nijeriya

Yajin aikin gama-gari na 1945 shi ne karo na farko da ma'aikatan Nijeriya na ma'aikatu daban-daban suka ajiye aiki a lokaci guda a ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Ya fara a daren 21 wayewar 22 ga watan Yuni, ya ɗauki kwana 44 a Legas, a wasu larduna kuma ya zarce haka da 'yan kwanaki. Ƙungiyoyin ƙwadago 17 ne suka shiga, da ma'aikatan da ba su gaza 30,000 ba, amma ma'aikatan jirgin ƙasa su ne ginshiƙinsa, domin su suka fi yawa, su suka fi tsari, kuma layin dogon da suke aiki a kansa shi ne ya haɗa bakin teku da Arewa. Abin da ya riƙe yajin har tsawon wannan lokaci shi ne yadda jama'ar gari, waɗanda yawancinsu ba masu albashi ba ne, suka ɗauki kukan ma'aikata a matsayin kuka na gaskiya, suka ciyar da su har aka kai ƙarshe.

Tushen rikicin

Yaƙin Duniya na Biyu ya jefa talakan Nijeriya cikin matsi. Kayan da ake shigowa da su ta jirgin ruwa, irin su gishiri da kananzir da yadi, sun yi ƙaranci, abinci ya yi tsada a birane, albashi kuwa yana nan inda yake. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938 ta ba ma'aikata damar yin rajista, kuma ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ce ta fara cin moriyarta a 1940, a ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, wanda ya koyi aikin ƙarfe a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Ebute Metta da ke Legas. Bayan matsin lamba, a 1942 gwamnati ta amince da alawus na tsadar rayuwa, wanda kowa ya sani da gajeren sunansa COLA, amma a wannan shekarar kuma ta haramta yajin aiki da sunan dokokin yaƙi. A farkon 1943 aka kori Imoudu daga aiki, aka tsare shi nesa da Legas, ba a sake shi ba sai a watan Mayu na 1945.

A ranar 22 ga Maris, 1945, haɗaɗɗen kwamitin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati masu aikin hannu ya miƙa buƙatu biyu: a mai da mafi ƙarancin ladan lebura sule biyu da sisi a yini, sannan a ƙara kashi 50 cikin 100 a kan alawus ɗin tsadar rayuwa, a biya daga watan Afrilun 1944. Gwamnati ba ta musa cewa rayuwa ta yi tsada ba. Hujjarta ita ce ƙarancin kaya ne ya kawo tsadar, saboda haka idan aka zuba ƙarin kuɗi a hannun ma'aikata farashi zai ƙara tashi, kuma nauyin zai faɗa kan manoma masu biyan haraji waɗanda ba su da albashi. Wannan magana ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, amma ta fito daga bakin da bai kamata ba, domin a daidai wannan lokaci ma'aikata Turawa suna karɓar alawus na musamman saboda matansu da 'ya'yansu da ke Ingila. Makanikin da ke Ebute Metta, wanda shi ma yake da mata da 'ya'ya da iyaye a ƙauye, ya ga cewa ana auna iyalin Bature da wani mudu, nasa kuma da wani. Daga nan maganar ta tashi daga lissafin farashin garin rogo ta koma maganar adalci, kuma a wannan fagen gwamnati ba ta da amsar da za ta gamsar da kowa.

Ma'aikata suka ba da wa'adi zuwa 21 ga Yuni. A ranar 2 ga Yuni Imoudu ya dawo Legas, dubban mutane suka fito tarbarsa, abin da ya nuna inda zukatan jama'a suka karkata. Gwamna Arthur Richards ba ya ƙasar a lokacin, muƙaddashinsa Gerald Whiteley ne ke riƙe da al'amura. Da wa'adi ya ƙarato, wasu shugabannin ƙwadago, cikinsu har da T. A. Bankole, suka nemi a ɗage yajin saboda tsoron karya doka, amma ma'aikata suka yi watsi da shawarar, suka bi Imoudu. Da tsakar dare aka busa usur ɗin jirage a Legas, alamar cewa aiki ya tsaya. Ma'aikatan tashar jiragen ruwa, da na gidan waya da tangaraho, da na ma'aikatar ayyuka, da na ɗab'in gwamnati, duk suka bi sahu.

Ra'ayin jama'a

Ma'aikacin da ke karɓar ladan yini ba shi da ajiyar da za ta kai shi mako shida, kuma ƙungiyoyin ba su da asusun kirki. Abin da gwamnati ta zata shi ne yunwa za ta mai da mutane bakin aiki cikin kwanaki kaɗan. Matan kasuwar Legas ne suka rushe wannan lissafi. Tun 1941 suke takun saƙa da gwamnati a kan tsarin ƙayyade farashin abinci da aka sani da sunan jami'in da ya kula da shi, Kyaftin Pullen, tsarin da ya sa hukuma ta shiga sayar da abinci da kanta, ta kuma riƙa gurfanar da 'yan kasuwa gaban kotu kan zargin tsauwala farashi. Shugabarsu, Alimotu Pelewura, mai sayar da kifi ce wadda ba ta yi karatun boko ba, amma kalmarta tana tsayar da kasuwa. Matan suka riƙa sayar wa masu yajin aiki abinci da rahusa, suka ba da bashi, suka sa kuɗi a asusun tallafi. Da yawa daga cikinsu matan ma'aikatan ne ko iyayensu mata, don haka cinikin tire da na rumfa ne ya riƙe gidaje a makonnin da babu albashi. Masu gidajen haya da dama kuma suka ɗaga wa ma'aikata ƙafa a kan kuɗin haya. Wannan gudummawa ta cancanci a ambace ta daidai da jawaban shugabanni, domin ba don ita ba da yajin ya karye tun da wuri.

A jaridu kuwa kai ya rabu. West African Pilot da Daily Comet, na Nnamdi Azikiwe, sun tsaya tsayin daka a bayan ma'aikata, haka ma Herbert Macaulay, shugaban jam'iyyar NCNC da aka kafa a 1944. A ranar 8 ga Yuli gwamnati ta hana buga jaridun biyu, matakin da ya ƙara musu farin jini kawai. Azikiwe ya yi zargin ana shirin kashe shi, ya koma Onitsha ya ɓuya, gwamnati ta ƙaryata zargin, jaridar Daily Service ta ƙungiyar matasan Nijeriya ta NYM kuma ta yi masa ba'a a kai. Wannan ɓangare na 'yan boko na Legas ya yi ɗari-ɗari da yajin, wasu saboda ganin an kauce wa doka, wasu saboda tsohuwar adawarsu da Azikiwe. A Landan, 'yan Afirka mazauna can, har da ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma ta WASU, sun yi taro sun tara kuɗi don tallafa wa ma'aikatan.

A Arewa

Layin dogo ya isa Kano tun 1911, daga baya ya kai Kaura Namoda da Nguru, kuma ta kansa gyaɗa da auduga da fatu da kuza suke sauka bakin teku, gishiri da kananzir da goro suke haurowa. Da jirage suka tsaya, tasoshi irin su Zariya da Kaduna da Kano sun ji a jikinsu, kuma fatake da 'yan kasuwa ne suka fara ɗanɗana kuɗar. Amma yanayin ya bambanta da na Legas. Yawancin direbobi da makanikai da akawuna na reluwe a Arewa mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, waɗanda zamansu ya keɓe da na cikin birni, masu albashi kuma ƙalilan ne idan aka kwatanta da manoma. Yajin ya kuma faɗo a tsakiyar damina, lokacin da hankalin talaka yake gona, kakar gyaɗa ba ta zo ba. Saboda haka tasirinsa a Arewa ya fi bayyana a siyasar shekarun da suka biyo baya. A 1946 Raji Abdallah, ma'aikacin gidan waya, ya jagoranci kafa ƙungiyar ci gaban 'yan Arewa ta NEPA (Northern Elements Progressive Association) a Kano, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a yankin.

Yadda aka ƙare

Gwamnati ta yi barazanar kora da hana albashin kwanakin da ba a yi aiki ba, ta kuma kama wasu shugabanni, amma ma'aikata ba su koma ba sai a farkon Agusta, bayan an yi alkawarin ba za a musguna wa kowa ba kuma za a binciki kukansu. An ɗage takunkumin jaridun, aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin W. Tudor Davies, wanda a 1946 ya amince cewa ƙorafin ma'aikata yana da tushe, ya ba da shawarar ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan alawus ɗin, wato adadin da gwamnati ta ce a baya ba zai yiwu ba. Martabar Azikiwe da NCNC ta ɗaukaka ƙwarai, kuma Imoudu yana cikin tawagar jam'iyyar da ta zaga ƙasa a 1946 don adawa da tsarin mulkin Richards, rangadin da Macaulay ya kamu da rashin lafiya a cikinsa a Kano, ya rasu a Legas ranar 7 ga Mayu. Imoudu ya ci gaba da jagorancin ƙwadago, yana kan gaba a yajin gama-gari na 1964, ya rasu ranar 22 ga Yuni, 2005, shekara 60 daidai da ranar da aka fara yajin 1945. Cibiyar nazarin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilorin tana ɗauke da sunansa.