Karatun digiri na biyu kan kare muhalli da wadatar abinci: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa kare daji da cikar rumbu?

Hidimar da ƙasa ke yi wa manomi kyauta. Dubi gawo: da damina yake kakkaɓe ganyensa, gero ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya tofo, ya zubo 'ya'ya awaki su ci. Mai wannan karatu yana auna irin wannan hidima ne, ya san nawa take a buhu ko a naira, domin abin da ba a lissafa ba shi hukuma ke fara sarewa.

Wane irin bincike ake yi?

Fadamar Haɗeja da Nguru ta isa misali. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ruwan da ke malala fadamar ya ragu. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa kuɗin amfanin gona da kifi da itacen girki da mutanen fadama ke samu, suka gano cewa ruwan da aka bari ya sauko ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan wanda aka tare don noman rani a Kano. Har yau aikin bai ƙare ba: ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman shinkafa kowa na kuka. A ganina ɗalibin da ya zauna da su damina guda ya fi wanda ya kwafo taken bincike daga Turai.

A Maraɗi da Damagaram ma akwai abin bincike. Tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, har aka kiyasta hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a Nijar.

A ina ake karantawa?

Akwai cibiyar nazarin noma a busassun yankuna ta Jami'ar Bayero, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jami'ar Jos mai digiri na biyu kan kare halittu, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

Akwai aiki bayan an gama?

Akwai, amma ba a zube yake ba. Ma'aikatun muhalli, hukumomin raya koguna, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa irin su ICRISAT da IITA na ɗauka. Wanda ya iya lissafi da karanta hotunan tauraron ɗan Adam, ya kuma iya zama kan tabarma ya saurari sarkin ruwa, shi aka fi nema.