Gansakukar bororo

Gansakukar bororo tsiron teku ce mai siffar ƙwallo, koriya shar, mai ƙyalli kamar kwalba. Tana fitowa a jikin duwatsu da gindin murjani, kuma tana cikin abubuwan da suka fi damun masu kiwon kifin teku da murjani a tankin gilashi. Sunan ya haɗa iri da dama: Valonia ventricosa, wadda aka fi sani, da Valonia macrophysa, da dangin Dictyosphaeria da Boergesenia. Akwai kuma ja, Botryocladia, wadda danginta daban ne.

Siffa

Bororo ɗaya na Valonia ventricosa ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal, mai cibiyoyi da yawa a ciki, shi ya sa ake lissafa ta cikin ƙwayoyin halitta mafiya girma a duniya. Faɗinta yakan kama daga santimita 1 zuwa 4, wato daga girman magarya zuwa kusan ƙwan zabo. Ruwa ne fal a cikinta, ɓawon kuma yana da tauri. Da ƴan siraran saiwoyi take kama dutse. Ana samunta a tekuna masu ɗumi, daga Karibiyan da Barazil zuwa tekun Indiya da Fasifik.

Tarihi a kimiyya

Tun kafin masu tanki su fara kuka da ita, masana sun daɗe suna nemanta. Masanin tsirrai ɗan Suwidin, Jacob Agardh, shi ya raɗa wa Valonia ventricosa suna a 1887. A 1988 aka mayar da ita wani dangi mai suna Ventricaria, daga baya aka dawo da ita Valonia, don haka har yau ana cin karo da sunayen biyu.

Girman nan nata ne ya ja hankali. Ƙwayar halittar da za a iya riƙewa da yatsu, a soka mata allura a zuƙo ruwan cikinta a auna, ba ƙaramar dama ba ce. Wajajen shekarun 1920, Winthrop Osterhout na Amurka ya yi aiki da Valonia a tsibirin Bamuda, yana nazarin yadda gishiri ke ratsa bangon ƙwayar halitta. An ga ruwan cikinta yana tara sinadarin fotasiyam fiye da ruwan tekun da ke kewaye da ita nesa ba kusa ba. A 1937 kuma, masana Preston da Astbury na Jami'ar Leeds a Ingila suka haska ɓawonta da hoton ƙashi don gane yadda zaren selulos, wato sinadarin da ke gina bangon ƙwayar tsiro, ke jeruwa.

Gaɓar Kaneohe a Hawai ta nuna ɓarnarta a fili. Da aka yi shekaru ana zuba ruwan masai a can, Dictyosphaeria cavernosa ta lulluɓe murjani. Bayan an karkatar da ruwan a tsakanin 1977 da 1978, sai ta ja baya.

Shigarta tanki

Yawanci maƙale take zuwa a jikin dutse ko gindin sabon murjani, ƙarama kamar ƙwayar gero. Sinadaran naitiret da fosfet, waɗanda ke taruwa daga ragowar abinci da kashin kifi, su ke ciyar da ita, ko da yake tana jure ruwa mai tsabta da ƙarancin haske. In ta yi yawa takan tsare wa murjani haske, ta toshe bakin famfo.

Ga mai tanki a Katsina ko Daura, ruwan ciko ne babban abin lura. Teku na da nisa, sai dai a dama gishirin tanki na musamman, kimanin giram 35 a lita. Zafin bazara da bushewar hunturu suna sa ruwa ya ƙafe da sauri, kullum ana cikin ƙari. Ruwa ne kawai ke tashi, duk abin da ya narke a cikinsa yana nan. Idan da ruwan rijiya ko na burtsatse ake cikawa kai tsaye, naitiret ɗin da ke ciki taruwa zai yi ta yi. Ruwan da aka tace da na'urar osmosis, mai cire abubuwan da suka narke a ruwa, shi ne ya dace.

Kawar da ita

Cirewa da hannu ita ce hanyar da ta fi tabbas. A kama bororon a hankali, a murɗa har saiwar ta saki, mesa na kusa tana zuƙe abin da ya ɓalle zuwa bokiti. Dutsen da zai ciru, gara a fito da shi a kankare a baho, a ɗauraye da ruwan gishiri. Ana maimaitawa mako-mako, domin ƙananan da ke cikin ramuka sukan taso.

Kan fasa bororo a cikin tanki, an rabu biyu. An tabbatar cewa gutsattsarin abin cikinta na iya dunƙulewa su zama sababbin ƙwayoyi. Wasu masu kiwo kuwa suna cewa rariya na kwashe mafi yawansu.

Kaguwar Karibiyan mai suna Mithraculus sculptus tana cin ta, amma ba kowace ba, kuma in ta girma takan taɓa murjani. Kifin Siganus da na Naso ma suna ci, sai dai suna buƙatar babban tanki. Magungunan kwalba na kashe gansakuka kuwa ana jayayya a kan illarsu ga murjani.