Tunawa da Mantuwa a Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Tunawa ita ce baiwar da ƙwaƙwalwa take da ita ta ɗaukar abin da ido ya gani, ko kunne ya ji, ko hannu ya saba da shi, ta adana shi, sannan ta dawo da shi ranar da aka buƙace shi. Masana halayyar ɗan Adam sun kasa wannan aiki gida uku, wato ɗauka da ajiya da dawowa da abin, kuma mantuwa tana iya kutsowa ta kowace ƙofa daga cikin ukun.

A shekarar 1968 Richard Atkinson da Richard Shiffrin suka bayyana cewa duk abin da ya shiga kai yana bi ta zango uku. Na farko na gaɓoɓin ji da gani ne, inda hoton abu yakan dushe kafin a ƙifta ido. Na biyu shi ne gajeren zango, wanda ba ya riƙe abu fiye da daƙiƙa 20 zuwa 30 sai an yi ta maimaita shi, kuma cikinsa ƙarami ne: George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abubuwa bakwai yake ɗauka, ƙari ko ragin biyu, ko da yake binciken da aka yi daga baya ya rage su zuwa kamar huɗu. Shi ya sa ɗan kasuwa a Sakkwato, idan ana karanto masa lambar waya mai alƙaluma 11, yakan karya ta gida uku yana nanatawa a baki. Da wani zai yi masa sallama kafin ya danna ta, to, ta gudu. Na uku shi ne dogon zango, inda ilimi da abubuwan da suka faru da mutum da ƙwarewar hannu suke zama shekara da shekaru.

Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas shi ne gadar da ke tsakanin gajeren zango da dogon zango. An gane haka ne daga Henry Molaison, Ba'amurken da aka cire wa yawancin sashen a 1953 don maganin farfaɗiya. Daga ranar ya daina riƙe sababbin al'amura, amma hannunsa ya ci gaba da koyon sabon aiki, alhali shi bai san ya taɓa gwada shi ba.

Hermann Ebbinghaus, mutumin Jamus, ya wallafa a 1885 sakamakon gwajin da ya yi a kansa da gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga nan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka haɗa a zama ɗaya. Malaman tsangaya ba su jira Jamus ba kafin su san wannan. Almajiri yakan rubuta karatunsa a allo, ya yi ta biyawa da ƙarfi, ba zai wanke allon ba sai malam ya saurare shi ya gamsu. Bayan haka kuma sai tilawa, dare da asuba, domin haddar da aka bari ba bita zubewa take yi. Biyawa da ka, ba tare da kallon allo ba, ita ce abin da masana yanzu suke ganin ya fi sake karantawa dasa abu a kai.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce da za a zuba gero a tarar da shi yadda aka bar shi. Frederic Bartlett na Ingila ya nuna a 1932 cewa mutum yakan sake gina labari duk lokacin da ya tuno shi, yana cike giɓi da abin da ya saba. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hoton bidiyon haɗarin mota. Waɗanda aka tambaye su gudun motocin da kalma mai nuna mummunan karo suka ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako guda sun fi sauran cewa sun ga fasassun gilasai, alhali babu gilashin da ya fashe a bidiyon.