Mahaɗar digiri: wurin da ake nema alhali babu alamar komai a cikinsa

Duk wanda ya taɓa duba taswirar duniya ya ga layukan nan da suka rarraba ta kamar raga. Na kwance su ne latitud, masu nuna nisan wuri daga ikwaita zuwa arewa ko kudu. Na tsaye kuma longitud, ana ƙirga su gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwich a Ingila. Inda layin kwance mai cikakkiyar lamba ya gitta na tsaye mai cikakkiyar lamba, babu ɗigo babu ragowa, shi ake kira mahaɗar digiri. Misali, digiri 12 arewa da digiri 9 gabas sun haɗu a wani wuri mai tazarar kilomita 50 da 'yan kai gabas da birnin Kano.

Irin waɗannan mahaɗu 64,442 ne a doron duniya, amma akasarinsu a teku suke. Tsakanin layin kwance da na kusa da shi akwai kimanin kilomita 111, tazarar na tsaye ma iyakarta kusan haka ne, don haka duk inda mutum yake, akwai mahaɗa ɗaya da ba ta wuce kilomita 79 daga gare shi ba.

Wani Ba'amurke mai suna Alex Jarrett ne ya mayar da neman su abin yi. A watan Fabrairun 1996 ya ɗauki na'urar GPS, mai nuna wa mutum lambobin wurin da yake, ya isa inda 43 arewa ta haɗu da 72 yamma a jihar New Hampshire, daga nan shirin ziyartar mahaɗun, mai suna Degree Confluence Project, ya samo asali. Ƙa'idar ba ta da yawa: ka isa tsakanin mita 100 da ainihin wurin, ka ɗauki hoton gabas da yamma da kudu da arewa, da hoton fuskar na'urar, sannan ka rubuta yadda tafiyar ta kasance. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS da gangan ga fararen hula, aikin ya ƙara sauƙi.

Sauƙin dai a kan na'ura ya tsaya. A dazuzzukan arewacin Kanada da Alaska da Sabiriya da arewacin Suwidin da Finlan, mahaɗa kan faɗa inda babu titi, babu ko turbar dabbobi. Na'ura za ta ce saura kilomita biyar, amma a miƙe take lissafi, ba ta san da kogi a tsakani ba. Mai tafiya zai ratsa kurmin itatuwa masu ganye kamar allura, ya tsallake gungumen da iska ta kayar, ya faɗa fadamar da gansakuka ya lulluɓe, wadda ido ke gani kamar tudu amma ƙafa ta nutse har gwiwa. A watannin Yuni da Yuli rana ba ta cika faɗuwa ba, ana samun hasken tafiya sosai, sai dai lokacin ne sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo suke fitowa dandazo. Ga fargabar haɗuwa da beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari. Shi ya sa wasu ke jira sai hunturu, fadamu da tafkuna sun daskare, a bi ta kan ƙanƙara. Can arewa kuma layukan tsaye suna matsowa kusa da juna: a digiri 60 tazararsu ta ragu zuwa kusan kilomita 56, abin da ya sa shirin bai sa dukkan mahaɗun can cikin manyan waɗanda yake nema ba.

In an isa, sai a yi ta ɗan matsawa, taki ɗaya gaba, biyu gefe, har lambobin da ke bayan digiri su koma sifili zalla. Masu abin suna kiran wannan rawar mahaɗa.

A ganina darajar aikin tana cikin cewa ba mutum ne ya zaɓi wurin ba. Mai ɗaukar hoto yakan nufi dutse mai kyau ko gari mai suna, shi kuwa lissafi duk inda ya faɗa shi ke nan, ko gonar wani ce, ko juji, ko laka. Hotunan da ake tarawa ta haka suna nuna ƙasa yadda take, kuma in wani ya koma bayan shekara goma ko ashirin, za a iya gwada hotonsa da na farko a ga ko an sare dajin, ko gobara ta cinye shi, ko ruwan tafkin ya ja baya.