Me ake nufi da fim ɗin ban tsoro, kuma yaya aka kalle shi a Damagaram lokacin korona?

Fim ɗin ban tsoro shi ne wanda aka tsara shi, tun daga labari har zuwa haske da sauti, domin ya jefa tsoro a zuciyar mai kallo, shi kuwa mai kallon shi ya kawo kansa da ƙafarsa. A nan Damagaram ba suna ɗaya gare shi ba. Wani ya ce fim ɗin aljanu, wani ya ce na fatalwa, wani na mayu, kowa da irin dodon da ya fara cin karo da shi. In ka je wurin masu tura fim a waya ka ce a zuba maka mai ban tsoro, sun san inda za su taɓa a kwamfuta.

Ba yawan jini ke mai da fim ya zama na ban tsoro ba. A fim ɗin yaƙi sai a kashe mutum ɗari kana kallo kana ɓare gyaɗa. A na ban tsoro kuwa ana iya cin rabin awa ba wanda ya ko yi tuntuɓe. Mace ce ita kaɗai a gida, ƙofa ta buɗe da kanta, ba iska, sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Gwanin wannan sana'a ɓoye dodonsa yake yi. Ya nuna maka inuwa, ya nuna maka sawu, ya bar zuciyarka ta zana sauran, domin ya san abin da za ka zana wa kanka ya fi duk abin da zai iya ɗauka da kyamara muni. Rabin aikin kuma kunne ne ke yin sa. Duk wanda yake shakka ya kashe sautin wayarsa a daidai wurin da ya fi razana shi, zai ga mutum ne kawai da kwalliya a fuska yana tafiya a hankali. Kiɗan da ke hawa sannu sannu, shirun da ke biyo baya, da ƙarar da ke fashewa ba zato, su ne ke kaɗa hanta.

Jiki ba ya tsayawa tambaya ko gaskiya ne. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira amigdala shi ke fara buga ƙararrawa, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya jiƙe. Amma hankali yana gefe, ya san a kan tabarma kake zaune. Shi ya sa da zarar abin ya wuce sai ka ji 'yan kallo sun fashe da dariya, ana nuna wanda ya fi kowa zabura. Kamar yajin kilishi ne, yana ƙona baki amma hannu na komawa cikin takarda.

A nan ma'anar take. Tsakanin mai fim da mai kallo akwai yarjejeniya ko da ba a furta ta ba: kai ka zaɓi tsoron, ka san ƙirƙira ce, ka kuma san cikin awa biyu zai ƙare, in ma ya yi maka yawa akwai maɓallin kashewa ƙarƙashin yatsanka. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, Dodo ya haɗiye yarinya, kowa ya maƙale jikin ɗan'uwansa, a ƙarshe a ce ƙurunƙus a tashi a kwanta. Buɗewar da rufewar su ne katangar da ke tsare tsoron kada ya fita.

Wannan nau'in fim ya daɗe yana tafiya da annoba. A 1922 wani Bajamushe, F. W. Murnau, ya fitar da Nosferatu, fim marar magana a kan wani mai shan jini da ya iso wani gari cikin jirgin ruwa, da akwatunan gawa cike da ƙasa da ɓeraye. Da isowarsa cuta ta ɓarke, ana zana alama da alli a ƙofar gidajen da aka yi mutuwa, ana wucewa da akwatuna a jere. Shekara huɗu ke nan bayan murar 1918, wadda wasu ƙiyasi suka ce ta kashe mutum miliyan 50, don haka 'yan kallon farko sun san abin da ake nuna musu. A 1968 George Romero a Amurka ya yi Night of the Living Dead, inda mutane ƙalilan suka kulle kansu cikin gidan gona, suna buga katako a tagogi, suna kasa kunne ga rediyo, suna faɗa da juna a kan inda ya fi dacewa a ɓuya. Abin da ya ci su bai tsaya ga gawawwakin da ke waje ba, har da rashin jituwar da ke cikin gidan.

Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasar Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya sanar da matakan yaƙi da korona: rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, rufe iyakokin ƙasa, rufe makarantu, hana taron da ya wuce mutum 50. Kwana biyu bayan haka aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Yamai. Dokar hana fitar dare da killace gari da aka sanar ranar 27 ga Maris, birnin Yamai suka shafa, amma abin da ya fi taɓa zuciyar mutane a ko'ina shi ne hana sallar jam'i. A Mirya, nan kusa da mu, sai da aka yi arangama tsakanin matasa da jami'an tsaro. Iyakar Najeriya kuwa dama tun Agusta 2019 take rufe, ɗan kasuwar da ya saba sauka Kano ya riga ya jigata kafin cutar ta zo.

Wanda ya zauna a garin nan a watan Afrilun wannan shekara ya san yadda ranaku suka yi tsawo. Zafi ya haura digiri 40, wuta ta zo ta tafi, ana jiran ɗan garuwa, yara ba lakwal, ɗaliban jami'a suna zaune, biki da suna an taƙaita su. Ana gaisawa daga nesa, hannu a ƙirji. Azumi ya kama a ƙarshen watan, aka yi asham a tsakar gida. Fada, wato zaman hirar samari a kan shayi, ta ragu amma ba ta mutu ba. Na ga samari a wani lungu na Zango, bayan sallar isha'i, sun jingina waya guda a jikin bulo kusa da murhun shayi, kawuna sun haɗu wuri ɗaya, mai wayar yana ta roƙon a rage haske don caji ya kai ƙarshen fim. Wanda ya ɗan ji Faransanci ko Turanci shi ke fassara, wani lokaci ya ƙara nasa gishirin. Da dodon ya faɗo, wani ya yi baya ya ture kofin shayi, aka yi ta dariya har maƙwabci ya leƙo.

Ba mu kaɗai ba ne. Contagion, fim ɗin Steven Soderbergh na 2011 a kan ƙwayar cuta da ta tashi daga jemage ta bi ta alade ta shiga mutum, ya dawo cikin finafinan da aka fi nema a duniya a farkon 2020, shekara tara bayan fitarsa. Babu dodo a cikinsa, don haka masu tsaurin ma'ana ba sa lissafa shi cikin na ban tsoro, amma a wancan lokaci ya yi aikinsu.

Ra'ayi ya rabu, kuma har yau a rabe yake. Za ka ji dattijo na cewa, “Kai yaro, masallaci a rufe, duniya a tsaye, kai kuma kana sayen ƙarin tsoro da kuɗinka?” Saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, wannan dai na san lokacin da zai ƙare.” Ina ganin amsar yaron tana da nauyi. Korona ba ta da fuska, ba ta da rana, ba ka san ko tana hannun wanda ya miƙo maka canji ba. Mutumin da irin wannan fargaba ta zauna masa a ƙirji yakan sami sauƙi in ya ga tsoro mai kai da ƙafa, wanda ake iya gudu daga gare shi ko a kashe shi. Wani bincike da Coltan Scrivner da Mathias Clasen na jami'ar Aarhus a Denmak da abokan aikinsu suka yi a kan mutum 310 a farkon annobar ya nuna masu son finafinan ban tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa fiye da sauran. Mutum 310 ba su da yawa, kuma ba mutanenmu ba ne, sannan mai yiwuwa dama masu taurin zuciya ne ke son irin waɗannan finafinai. Duk da haka ya yi daidai da abin da ido ya gani a fada.

Sai dai maganar malamai da iyaye ma ba ta faɗi ƙasa ba, kuma ba tsiraici da tsafin da ke cikin wasu finafinan kaɗai nake nufi ba, ko da yake su ma hujja ne. Yarjejeniyar nan tana tsayawa ne in mai kallo ya yarda ƙirƙira ce. Gawar Bature da ta tashi tana jan ƙafa ba ta bin ɗan Birni har ɗaki, don bai taɓa yarda akwai ta ba. Aljani daban ne. Musulmi ya yi imani da samuwarsu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, kuma da wuya ka sami gidan da ba a taɓa ba da labarin wadda iska ta buge ko wanda aka ce maye ya kama masa kurwa ba. Saboda haka finafinan Turkiyya da Indunusiya, masu kiran salla da malami mai ruƙiyya da mace mai magana da muryar namiji, sun fi shiga jikinmu nesa ba kusa ba. An kashe waya amma abin bai mutu ba. Wanda dama yake da raunin zuciya ko yawan waswasi, ya kalli irin wannan shi kaɗai cikin dare da abin sauti a kunne, ba nishaɗi ya yi ba, cutar da kansa ya yi. Da a ce ni ake tambaya, sai in ce a kalla cikin mutane ko a bari.

Abin da ya fi ci mini rai a wancan lokaci ba fim ba ne. Bidiyoyi ne da saƙonnin murya da suka riƙa yawo a WhatsApp: mutane na faɗuwa a titi a wata ƙasa da ba a faɗi sunanta ba, gawawwaki a jere, murya mai rawa tana cewa a tura wa kowa. Kayan aikin iri ɗaya ne da na fim ɗin ban tsoro, hoto mai duhu da murya mai razanarwa, amma ba wanda ya zaɓa, ba wanda ya ce maka ƙirƙira ce, kuma ba ƙurunƙus. Ga shi an cakuɗa su da gaskiya mai ɗaci. A Afrilu masu haƙa kabari a Kano suka fara cewa mace-mace sun yi yawa, daga baya ministan lafiya na Najeriya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Wane gida ne a Damagaram ba shi da ɗan'uwa a Kano? Uwar da ta kwana tana kiran lambar ɗanta bayan ta ji irin wannan saƙo, ita ce ta sha tsoron da ba shi da katanga, ba samarin fada ba.

Yara su ne suka fi shiga tsakiya. A ƙasashen da ake yin finafinan akwai alamar shekaru a jikin kowanne, 16 ko 18. Kafin fim ya iso memorin ɗan unguwa alamar ta ɓace, wani lokaci har sunan ya ɓace, lamba ce kawai. Lakwal a rufe, wayar yaya a hannun ƙane. Na san gidan da yarinya 'yar shekara shida ta daina zuwa makewayi da dare, sai ta tsaya bakin ɗaki tana tashin yayarta, “Yaya, tashi ki raka ni, yana bayan randa.” Ba a gane dalili ba sai da aka duba abin da aka bar ta ta kalla da rana. Ƙaramin yaro bai gama raba ƙirƙira da gaskiya ba, ba shi cikin yarjejeniyar da manya suka ƙulla. Tatsuniya ma tana da Dodo, amma kaka tana ganin fuskar jikanta, in ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta murya ko ta kawo Gizo. Waya ba ta ganin fuskar kowa.

An buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, yara suka koma lakwal ranar 1 ga Yuni. A daidai waɗannan watanni wani matashi a Ingila, Rob Savage, ya shirya fim mai suna Host ta manhajar Zoom, kowane ɗan wasa yana gidansa yana ɗaukar kansa, tsawonsa bai cika awa ɗaya ba, kuma ya razana mutane ƙwarai. Ba kuɗi ne ya yi aikin ba, sanin inda za a ɓoye abu ne. Wannan ne nake wa masu shirya finafinanmu na Hausa kwaɗayi. Sau da yawa tun minti na biyar an fito da aljani da farar hoda da jan ido yana ƙyaƙyata dariya, sai tsoro ya gudu. Alhali direban da ya saba bin hanyar Tanut da dare, in ya zauna ba ka labarin macen da ta tsayar da shi a inda ba gari ba rijiya, ba ya taɓa gaya maka kamannin fuskarta. Ƙafarta kawai yake cewa ya duba, daga nan bai sake taka birki ba sai da ya ga fitilun gari.