Densiti da nauyin kwatance: ga amsoshin, a daina maimaita tambaya

Tambayoyin nan kullum su ne dai, mai tambayar ne kawai ke canzawa. Na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake turo ɗaya daga cikinsu, nan zan nuna masa.

Mene ne densiti?

Nauyin abu a raba da girman gurbin da ya cika. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, lita ɗaya ta zaiba kilo 13.6. Gurbi ɗaya, nauyi daban. Shi ke nan.

To nauyin kwatance fa, wanda littattafai ke kira sifesifik girabiti?

Densitin abu a raba da densitin ruwa. Yana gaya maka sau nawa abin ya fi ruwa nauyi idan girmansu ɗaya. Baƙin ƙarfe 7.9, dalma 11.3, zinare zalla 19.3, ƙanƙara 0.92, fetur wajen 0.74. Abin da ya gaza 1 zai yi yawo a saman ruwa, wanda ya haura 1 zai nutse, muddin ba narkewa yake yi a ciki ba.

Ai ke nan abu ɗaya ne da densiti?

A'a. Lambobin ne ke kama, saboda densitin ruwa giram 1 ne a kowace mililita, kuma duk abin da ka raba da 1 ba ya canzawa. Densiti yana da ma'auni a bayansa: na zinare giram 19.3 a mililita, ko kilo 19,300 a mita kubik. Nauyin kwatance lamba ce tsirara, 19.3 a kowace ƙasa, da kowane irin ma'auni aka auna. Ɗalibin da ya rubuta "kg" a bayanta a jarrabawa, shi ya zubar da makinsa da hannunsa, kada ya ga laifin malami.

Idan ƙarfe 7.9 ne, me ya hana jirgin ruwa nutsewa?

Cikinsa iska ce. Haɗa ƙarfen da iskar ka raba da girman jirgin duka, lambar za ta faɗo ƙasa da 1.

Iskar gas ma da ruwa ake kwatanta ta?

Da iskar da muke shaƙa ake kwatanta ta, ita ce 1 ɗinta. Wannan kam ku buɗe kunne, don ya wuce zancen jarrabawa. Gas ɗin girki na tukunya ya fi iska nauyi: furofen wajen 1.5, butan wajen 2. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, ya taru a kwana da rami da ƙarƙashin kabad. Buɗe ƙaramar taga ta sama bai wadatar ba. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa, kada a kunna ashana, kada a taɓa makunnin lantarki.

Zan iya gane zinare na gaske da ruwa da sikeli a gida?

Eh, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun fi "eh" ɗin yawa. Dabarar tsohuwa ce. Ana danganta ta da Arkimidas na Sirakus tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya, kuma Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja da ruwa ya samu lambobi kusa da na yau.

Ga yadda ake yi. Auna zoben a busasshe, a ce ya ba ka giram 6.00. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Ɗaura zoben da siririn zare ka sauke shi cikin ruwan har ya nutse duka, yana rataye, bai taɓa gindin kofi ba, bai taɓa gefe ba. Lambar da sikelin ya nuna ita ce nauyin ruwan da zoben ya ture. A ce 0.34. Raba 6.00 da 0.34, ka samu 17.6, wanda ya dace da karat 22 (karat shi ne ma'aunin tsarkin zinare). Karat 18 yakan faɗa tsakanin 15 da 16, gwargwadon abin da aka gauraya masa, azurfa ko jan ƙarfe. Tagulla mai ruwan zinare a sama ba za ta kai 9 ba, nan take asirinta zai tonu.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Idan sikelinka giram 0.1 yake iya gani, zoben nan zai nuna 0.3 ko 0.4. Na farko ya ba ka 20, na biyu ya ba ka 15. Ɗaya ya ce zobenka ya fi zinare zalla, ɗaya ya ce karat 18 ne da ƙyar, alhali zobe ɗaya ne. Don haka in ba ka da mai ganin 0.01, kada ma ka fara da ƙaramin abu. Ɗan kumfan da ya maƙale a jikin zoben ko tsakanin ƙwayoyin sarƙa zai ƙara masa girman ƙarya ya rage lambar, sai ka kaɗa zaren har ya tashi. Awarwaro mai rami a ciki zai ba ka lamba ƙasa ko da zinarensa mai kyau ne. Mai dutse a kai kuwa, ka auna abu biyu ne a haɗe, lambar ba ta kowa ba ce. Sannan akwai tongistin, ƙarfen da nauyin kwatancensa ya kai wajen 19.25. In aka lulluɓe shi da zinare, ruwa ba zai taɓa bambance su ba.

Abin da nake gaya wa kowa: gwajin nan ya ƙware wajen kama jabu na arha, amma ba ya rantsuwa cewa abu na gaske ne. Ka samu 8 a dunƙulallen zobe, ka gama magana. Ka samu 17 ko 19, to alama ce mai kyau, sai ka kai wa mai injin gwaji kafin ka saki kuɗinka.

Zafi yana canza lambar?

Yana canzawa. Ruwa ya fi cunkushewa a digiri 4 na Salshiyas, can ne yake 1.000. A digiri 20 ya koma 0.998. A gwajin zobe wannan ba komai ba ne, kada ka wahalar da kanka da ƙanƙara. A cinikin mai kuwa babban abu ne, shi ya sa ake mayar da lissafinsa kan digiri 15.

Takardar gwajin fitsarina ta nuna 1.025, ina cikin haɗari?

Kwantar da hankalinka. Tsakanin 1.005 da 1.030 ake sa ran gani. Lamba ta sama yawanci tana nufin fitsarin ya yi kauri, ba ka sha ruwa sosai ba, ko na farkon safiya ne. Lamba guda ba ta yanke hukunci, likitan da ya tura ka gwajin shi zai haɗa ta da sauran.

A duniyar wata, lambar za ta canza?

Haba. Abin zai yi sauƙi sau shida, ruwan ma haka. Raba su, amsa tana nan.

Ina ruwan batirin mota da wannan?

Ruwan batir asid ne gauraye da ruwa, kuma yana rage nauyi yayin da caji ke sauka. Ana zuƙo shi da haidiromita, bututun da ke auna nauyin kwatance, a karanta inda ɗan kwalbar ciki ya tsaya: wajen 1.27 cike yake, wajen 1.12 ya sauka. A duba kowane rami daban, domin in ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, wannan ramin ne ya lalace. Kada a auna da zarar an ƙara ruwa, bai gauraya ba tukuna. Kuma a kare ido, asid ne.