Gano sankarar huhu ta numfashi: ina aikin Hossam Haick ya kai?

Me ke cikin numfashi da har zai tona asirin cuta?

Iskar da muke fitarwa tana ɗauke da burɓushin sinadarai da ƙwayoyin jiki ke zubarwa cikin jini, jini ya kai su huhu, huhu ya fito da su. Tun a 1971 masanin sinadarai Linus Pauling ya auna numfashi ya iske kimanin nau'i 250 a ciki. Ƙwayar sankara ba ta sarrafa abinci yadda lafiyayya ke yi, saboda haka abin da take zubarwa yakan bambanta. A 1999 wani likita a Amurka, Michael Phillips, ya wallafa bincike a mujallar Lancet kan mutum 108, inda ya nuna sinadarai 22 da ke taimakawa wajen ware masu sankarar huhu.

To, me Haick ya ƙara?

Haick Balarabe ne haifaffen Nazarat, farfesa a jami'ar Technion da ke Haifa. Yawancin waɗanda suka gabace shi sun dogara ne da manyan na'urorin ɗakin gwaji masu tsada, masu tsince sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya bi hanyar hanci: mutum yakan gane ƙamshin turare ba tare da ya san abin da aka haɗa ba.

Ga yadda na'urar take. Ana jera ƙananan ƙwayoyin zinare, waɗanda ido ba ya gani, a lulluɓe su da sinadarai iri-iri. Mutum ya hura cikin jaka, a tura iskar ta ratsa kansu. Da sinadaran numfashi sun manne musu, sai yadda lantarki ke bi ta cikinsu ya canja, wani ya ƙaru, wani ya ragu. Kwamfuta ce ke haɗa waɗannan sauye-sauye ta ce wannan tambarin ya yi kama da na masu cutar ko bai yi ba. A 2009 shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan a mujallar Nature Nanotechnology. Daga baya suka gwada mutum 1,404 a kan cututtuka 17, suka ce na'urar ta dace da kusan kashi 86 cikin ɗari.

Yaya ake auna tasirin mai bincike irin wannan?

Galibi da yawan ambaton takardunsa a binciken wasu. Akwai kuma ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005: idan aka ce mutum yana da 50, to yana da takardu 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Ta wannan fuska takardar 2009 ta yi nisa, domin da wuya ka karanta bita a wannan fanni ba ka ci karo da ita ba. Amma a ganina ma'aunin yana da gurgunta. Yana nuna masana na karanta ka, ba ya nuna ko majiyyaci guda ya amfana.

Me ya sa har yanzu ba a yin gwajin a asibitoci?

Nan ne gizo ke saƙar. Bincike da dama sun kwatanta waɗanda cutar ta riga ta bayyana a jikinsu da masu ƙoshin lafiya, alhali wanda likita ke son tantancewa shi ne tsohon mashayin taba mai tari, wanda huhunsa dama ba lafiya ba. Taba, abincin da aka ci, magani, iskar ɗakin, har jakar da aka hura wa, duk suna gurɓata sakamako. Abin da ya fi damuna shi ne ɗakunan gwaji daban-daban suna fitar da jerin sinadarai da ba su cika dacewa da juna ba. Gwajin numfashi ya karɓu wajen auna giya, da asma, da ƙwayar cutar gyambon ciki, amma na sankarar huhu bai shiga tsarin tantancewa ba tukuna.

Ba ga hoton CT ba, me ake nema kuma?

Babban gwajin da Amurka ta fitar a 2011, kan mutum sama da 53,000, ya nuna hoton CT (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka) mai ƙarancin radiyeshin ya rage mace-macen sankarar huhu da kashi 20 cikin ɗari. Sai dai mafi yawan tabon da ya hango ba sankara ba ne, mutane suka sha fargaba da ƙarin gwaje-gwaje. Ga tsada, ga ƙarancin na'urar a ƙasashe da yawa, cutar kuma tana kashe kimanin mutum miliyan 1.8 a shekara, akasarinsu an gano ta a makare. Gurbin da masu binciken numfashi ke hari ke nan: gwaji mai araha da zai nuna wa likita wanda ya kamata a fara tura wa ɗaukar hoto.